Daga Kududdufi Zuwa Tanki: Waiwaye Kan Ruwan Kiwon Kifi a Potiskum

Cikin abubuwan da suka ɓace wa mazauna Potiskum ba tare da an ankara ba har da kududdufan da a da suke warwatse a tsakanin unguwanni da bayan gari, waɗanda asalinsu ramuka ne da magina suka haƙa domin ɗibar ƙasar tubali da ta yaɓe, damina ta zo ta cika su, suka zama matattarar ruwa tun daga tsakiyar damina har sanyin hunturu ya shigo. A yau da yawansu an cike su da shara da ɓaraguzai, an yanka filaye, an ɗora gidajen bulo da shaguna a kansu, waɗanda suka rage kuwa leda ta lulluɓe su har ba a iya ganin launin ruwan. Duk da haka kifi bai bar garin ba, mazauni kawai ya sauya, domin yanzu a tankin roba da kwamin siminti da tafkin tamfol ake samunsa a bayan gidaje, a wasu faluka da ofisoshi kuma akan ga akwatin gilashi mai ƙananan kifaye na ado. Wannan ƙaura ta zo da wata matsala da mutanen da ba su san ta ba, wato ruwan da kan lalace cikin 'yan kwanaki bayan an zuba kifi a sabon mazubi, ya yi dishi-dishi, kifaye su shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya alhali ba a ga wata cuta a jikinsu ba.

Potiskum ba garin bakin kogi ba ne, kuma sunan da ya yi a Nijeriya da maƙwabtanta ya same shi ne ta kasuwar shanu da ta hatsi da kuma manyan motocin da ke sufuri tsakanin Kano da Maiduguri da kudancin ƙasar. Tun da aka mayar da fadar Fika zuwa garin a 1924 yake ta faɗaɗa, Bolewa da Ngizim da Karekare da Ngamo da Hausawa da Fulani suna ƙara gini a kan gini, kuma kowace katangar ƙasa da ta tashi sai ta bar rami a wani wuri. Kifin da yawancin gidaje suka sani a wancan zamani shi ne banda, wato kifin da aka ƙyafe da hayaƙi, wanda fatake ke kawowa cikin kwalaye daga Baga ta bakin Tafkin Cadi, ko daga Gashuwa da Nguru ta yankin kogin Yobe da fadamunsa. Ƙanshin banda a miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa yana cikin abubuwan da duk wanda ya tashi a wannan yanki ba ya mantawa. Ɗanyen kifi kuwa abin lokaci ne, yana zuwa da damina yana tafiya da ita, kuma rabon talaka a cikinsa yakan fito ne daga kududdufi da fadama, inda ba a biyan ko sisi.

Rayuwar kududdufi tana da tsarinta na shekara wanda yaran unguwa suka haddace ba tare da an koya musu ba. Ruwan farko yakan shigo ja wur saboda ƙasar da ya kwaso daga lunguna, daren ranar kuma kwaɗi su cika unguwa da kuka har mutum ya kasa jin maganar na kusa da shi. Bayan 'yan makonni jan ya kwanta, ruwan ya koma kore-kore, kainuwa ta shimfiɗu a gefe, bado ya buɗe fararen furanninsa da safe, gansakuka ta kama duk dutsen da ke ciki har ya yi santsi. A nan magina ke kwaɓa ƙasa, a nan ake shayar da dabbobi, a nan yara ke zama da ƙugiya da tana a gwangwani suna jiran zare ya motsa. Tarwaɗa tana iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin dare ta bar wani ruwa ta koma wani, saboda tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, gaiwa kuwa idan ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta naɗe kanta ta yi watanni tana jiran wata damina. Idan ruwa ya ja baya ya zama taɓo, sai a yi su, a shiga da kwanduna da tsofaffin zannuwa ana lalube, a fito fututu da laka, wasu da jini a tafin hannu saboda ƙayar da ke gefen tarwaɗa. A garuruwan da ke da manyan ruwaye ba a shiga su sai da izinin sarkin ruwa, kuma ragowar wannan tsari ne ake gani a bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram.

Dattawan wancan lokaci suna da ma'auninsu na sanin lafiyar ruwa, kuma ma'auni ne da ya dogara ga ido da hanci da harshe. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya karanta babin tsarki a littattafan fiƙihun Malikiyya ya san ana duban ruwa ta siffofi uku, wato launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, ya kuma san cewa canjin da ya samo asali daga mazaunin ruwan, kamar laka ko gansakukar da ta tsiro a cikinsa, ba ya hana a yi alwala da shi. A cikin gida kuwa mata sun san yadda ake kwantar da ruwa mai dauɗa, ko dai a bar shi ya kwana a randa, ko a jefa masa alimun, ko a daka 'ya'yan zogale a zuba, da safe a tarar ƙasar ta taru a gindi a tsiyaye na sama. Karin maganar da ke cewa ruwa ba ya tsami banza daga irin wannan lura ta fito. Sai dai akwai tambayar da babu wanda ya taɓa buƙatar yi a wancan zamani, wato ina ƙazantar da kifi ke fitarwa take tafiya, alhali yana ci yana kashi a cikin ruwan da yake numfashi, kuma ruwan kududdufi ba ya gudu zuwa ko'ina.

Amsar wannan tambaya ita ce gindin duk matsalar da masu tanki ke fuskanta a yau. Kifi idan ya ci abinci mai gina jiki, babban abin da yake fitarwa shi ne amoniya, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin wanda shi ne ke ba tsohon fitsari da ɗakin kaji zarnin da ke hawa kai. Mafi yawansa yana fita ne ta jajayen gaɓoɓin numfashi da ke ƙarƙashin murfin gefen kan kifi, saura kuma ya fito daga ruɓewar kashi da ragowar abinci. A cikin laka da jikin duwatsu da saiwoyin tsirrai akwai bakteriya, wato ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda abincinsu shi ne wannan amoniya. Rukuni na farko yana mayar da shi wani sinadari da ake kira naitirait, wanda shi ma guba ne, rukuni na biyu kuma ya mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma taki ne ga tsirrai. Masana biyu a Faransa, Schloesing da Müntz, su ne suka nuna a 1877 cewa halittu masu rai ne ke yin wannan aiki, sannan a wajejen 1890 masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya ware bakteriyar ya bayyana su. Kududdufi yana da duk abin da wannan aiki yake buƙata, wato tsohuwar laka mai cike da bakteriya, da kainuwa da gansakuka masu zuƙe amoniya kai tsaye, da ruwa mai yawa a kan kifi kaɗan, ga shi kuma babu mai zuba masa abincin buhu safe da yamma.

Abubuwan da suka tura mutane daga kamun kifi zuwa kiwonsa suna da yawa, kuma yawancinsu sun faru nesa da Potiskum. Tafkin Cadi da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992, dukkansu a Jihar Kano, sun canza yadda ambaliya ke malala cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, inda kifi ke hayayyafa. Rikicin da ya ɓarke a Arewa maso Gabas tun 2009, musamman bayan harin Baga na watan Janairun 2015, ya karya fataucin banda na tsawon shekaru. A ɗaya gefen kuma kiwon kifi, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta fara gwadawa a gonar Panyam da ke Filato tun 1951, ya bunƙasa bayan da aka iya ƙyanƙyasar tarwaɗa ta hanyar yi wa uwa allura, har Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace samar da wannan kifi a duniya. Da rijiyar burtsatse ta yawaita, tankin roba da tamfol suka samu a kasuwa, sai ya zama ma'aikaci ko ɗan fansho ko matar aure suna iya sayen 'ya'yan kifi ɗari biyu ko ɗari biyar su fara sana'a a tsakar gida.

Sabon tanki, duk kyansa da tsabtarsa, fanko ne daga waɗancan bakteriya, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna haɗarin da ke cikin haka. Abincin tarwaɗa na buhu yakan ƙunshi sinadarin gina jiki kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari, kuma kowane kilo ɗaya da kifi ya ci yakan haifar da amoniya kimanin giram 30 zuwa 40. Ke nan idan mai tanki mai cin lita 1,000 ya zuba abinci giram 100 kacal a yini, ya ƙara wa kowace lita ta ruwansa amoniya miligiram 3 zuwa 4 a wannan yinin kaɗai, gobe ma haka, jibi ma haka, babu laka babu tsiro da zai rage komai. Masu kifin ado kan ɗauki miligiram ɗaya a lita a matsayin alamar haɗari. Tarwaɗa ta fi yawancin kifaye juriya, shi ya sa ake iya cusa ta da yawa a ƙaramin wuri, amma juriyar tana da iyaka, kuma tun kafin ta kai ga mutuwa takan rage cin abinci, girmanta ya tsaya, mai ita ya yi ta zargin wanda ya sayar masa da iri ko kamfanin abinci.

Yanayin Potiskum kansa yana ƙara wa matsalar nauyi, domin amoniya a cikin ruwa kashi biyu ne da ke rikiɗa zuwa juna, ɗaya mai sauƙin cutarwa, ɗaya kuma mai ratsa jikin kifi ya shiga jininsa, kuma abin da ke ƙayyade yawan mai gubar shi ne zafin ruwa da ma'aunin da ake kira pH. Wannan ma'auni yana tafiya ne daga 0 zuwa 14, inda 7 take tsakiya, ƙasa da ita ruwa ya karkata ga tsami, sama da ita kuma ya karkata ga ɗabi'ar toka da kanwa. A ruwan da zafinsa ya kai digiri 30, idan pH yana kan 7 mai gubar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na dukkan amoniyan ba, idan ya hau 8 sai ya zama wajen kashi 7, idan kuwa ya kai 9 ya haura kashi 40. A garin da zafin watan Afrilu da Mayu kan kai digiri 40, baƙin tankin roba da aka ajiye a rana yana iya mayar da ruwan da ke da dama-dama da safe ya zama guba da la'asar. Haka nan sabon kwamin siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa ta ɗaga pH, wanda shi ne dalilin da ya sa gogaggun masu kiwo ke cika shi da ruwa su bar shi makonni suna zubarwa suna sakewa kafin su yarda su saka kifi. Ruwan zafi kuma yana riƙe iskar oksijin ƙasa da na sanyi, alhali kifi da bakteriyar duka ita suke buƙata.

Alamun wannan hali suna bayyana ƙarara ga mai lura, kuma da asuba aka fi ganinsu. Tarwaɗa mai lafiya tana kwance ne a ƙasa, ta taso ta kurɓi iska ta koma, idan aka watsa abinci kuma ruwan ya ɗauki tafasa saboda wawaso. Wadda amoniya ya dama kuwa sai a gan ta a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinta ya yi fari ya fara guntulewa, fatarta ta yi yauƙi fiye da kima, abincin da aka zuba tun daren jiya yana nan yana yawo ya kumbura. Kumfa takan taru a kusurwar tanki ta ƙi fashewa, ruwan ya yi wani ƙarni mai nauyi, idan aka ɗaga murfin gefen kan wadda ta mutu sai a ga gaɓoɓin numfashinta sun kumbura sun canza launi. A wannan lokaci ne mai kiwo kan ce ruwa ya ɓaci, kuma maganarsa daidai ce, sai dai ɓacin ya fara ne kwanaki kafin ido ya gan shi.

Idan mazubin yana da matata, wato akwati ko durom da aka cika da soso ko tsakuwa ko gutsattsarin roba ruwa yana bi ta ciki, bakteriyar za su zo da kansu su zauna, amma zuwansu na ɗaukar lokaci saboda suna cikin masu jinkirin hayayyafa, sukan kwashe kusan yini guda ko fiye kafin yawansu ya ninka. A mako na farko da na biyu amoniya ne ke hawa, daga nan ya fara sauka yayin da rukunin farko ya kafu, sai naitirait ya hau a madadinsa, kuma a nan ne da yawa ke yin asara ta biyu bayan sun ɗauka an tsallake. Naitirait yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe alhali akwai iska a ruwan. Gishirin girki kaɗan yana rage shigarsa jiki, wanda shi ne hikimar da ke bayan al'adar zuba gishiri a tanki, ko da yake gishirin ba ya taɓa amoniya ko kaɗan. Sai bayan mako huɗu zuwa shida, a sanyin hunturu ma fiye da haka, ake samun rukuni na biyu ya kafu, amoniya da naitirait su sauka zuwa sifili, a ce ruwan ya nuna.

Dishi-dishin ruwa, wanda shi ya fi tayar wa sabon shiga hankali, iri-iri ne, kuma kowane da sababinsa. Farin da kan bayyana a kwana na biyu zuwa na biyar tarin wasu bakteriya ne daban masu cin ragowar abinci da kashi, waɗanda ke ninkawa cikin ƙasa da sa'a guda idan sun sami abinci. Su kansu ba guba ba ne, illarsu ita ce cinye oksijin, kuma sukan lafa da kansu idan aka rage abinci aka ƙara iska. Kore kuwa ƙwayoyin gansakuka ne da hasken rana da taki suka raya, suna zuƙe amoniya da rana, amma suna ɗaga pH da la'asar, da dare kuma su yi ta shan oksijin tare da kifi. Ja ko ruwan ƙasa yawanci laka ce ko yashin da ba a wanke ba, ko kuma ƙarfen da ke cikin wasu ruwayen burtsatse wanda kan yi tsatsa idan ya haɗu da iska. Babu ɗaya daga cikin waɗannan launuka da ke nuna yawan amoniya, domin shi ba shi da launi, kuma adadin da ke kashe kifi bai kai hanci ya ji shi ba, don haka ruwa garai-garai yana iya zama mai kisa, kore shar kuma ya zama lafiyayye.

Hanyar magance matsalar ba ta da tsada, haƙuri take nema da awo. Abu na farko shi ne a dakatar da abinci na yini ɗaya ko biyu, tunda kifi ba ya mutuwa da yunwar kwana biyu, a kwashe matattu da ragowar abincin da ya kwanta a ƙasa. Na biyu a zubar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan a maye shi da wanda aka tara ya sha iska kuma zafinsa ya yi kusa da na tankin, a maimaita kullum har awo ya nuna sauƙi. Na uku a ƙara iska, ko da ta hanyar sa ruwa ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama, a kuma yi wa tankin rumfa. Na huɗu a mallaki kayan awo, wato 'yan kwalaben da ake ɗiga ruwansu cikin samfurin ruwan tanki a gwada launin da ya fito da na jikin kati. Hanya mafi sauri ta nunar da sabuwar matata kuwa ita ce a samo soso ko tsakuwa daga tsohuwar matata mai lafiyayyen kifi a saka a ciki, kamar yadda Bafulatana ke zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara domin ta kama da wuri. Abubuwan da ke mayar da hannun agogo baya su ne wanke matata da sabulu ko da ruwan famfo mai kulorin, da zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai, waɗanda ke kashe masu amfani tare da masu cutarwa, da kuma zuba toka ko kanwa ko farar ƙasa a ruwan da amoniya ya riga ya taru.

Akwatin gilashi na kifin ado yana bin wannan doka sau da ƙafa. A 1850 wani masanin sinadarai a Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da tsirrai da dodon koɗi suna iya zama tare a ruwa ɗaya na dogon lokaci ba tare da an canza shi ba, kuma a 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun dajin Landan. Wanda ya sayi akwati a Kano ko Jos ya kawo Potiskum ya cika shi da kifi a rana ɗaya yana tafka kuskure iri ɗaya da na mai tankin tarwaɗa, sai dai nasa ya fi saurin bayyana saboda ruwan kaɗan ne kuma kifin ba shi da juriya. Masu wannan sha'awa kan nunar da akwatin tun kafin kifi ya shiga, su riƙa jefa ɗan abinci yana ruɓewa har awo ya nuna an wuce matakan biyu, sannan su saka kifi kaɗan-kaɗan. Ɗaukewar wutar lantarki babbar barazana ce a nan, domin idan famfon matata ya tsaya na sa'o'i masu yawa bakteriyar kan rasa iska su raunana, shi ya sa ƙaramin famfon iska mai batir ko mai amfani da hasken rana ya fi kowace ƙawa muhimmanci.

Duk wanda zai yi kewar kududdufi ya kamata ya tuna da abin da ke cikinsa baya ga kifi. A irin wannan ruwa ne kurkunu ke yaɗuwa, cutar da ke kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke buƙatarsa, wadda aka ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da ita. A nan yara ke ɗaukar tsargiya har wasu iyaye su ɗauki fitsarin jini a matsayin alamar balaga, a nan sauro ke ƙyanƙyasa, kuma kusan kowace damina sai an ji labarin yaron da ruwa ya ci. Tanki ya kawo ɗanyen kifi a kowane wata na shekara, ya ba matan da ba sa fita kasuwa hanyar samun kuɗi daga cikin gida, ya samar wa matasa aikin ƙyafewa da gashi da dillanci. Tarwaɗar da ke kai kilo guda cikin wata biyar ko shida idan an kula da ita abu ne da kududdufi bai taɓa bayarwa ba.

Asarar ma tana da nauyinta, kuma ba a cika lissafa ta ba. Kududdufi shi ne mazubin ruwan saman unguwa, kuma inda aka cike shi ba tare da an gina magudana ba, ruwan kan nemi hanya ta cikin gidajen mutane. Kifin da yaro ke kamowa kyauta ya zama na mai jari, domin abinci kaɗai yakan cinye fiye da rabin kuɗin da ake kashewa a kiwo. Yawancin masu tankin tsakar gida ba su da matata, sun dogara ne ga zubar da ruwa da sake shi kowane kwana ɗaya zuwa uku, wanda ke nufin janyo dubban litoci daga ƙarƙashin ƙasa a yankin da ake yin wata bakwai ko takwas ba a ga ɗigon ruwan sama ba, da kuɗin man janareto da ya ninka tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ruwan da aka zubar kuwa sau da yawa lungu yake bi, ya yi ƙarni ya haɗa maƙwabta faɗa, alhali taki ne da zai raya zogale da alayyafo da yakuwa da a ce an karkatar da shi zuwa ɗan lambu. Aikin da laka da kainuwa suke yi a ɓoye ba tare da an biya su ba, yanzu da fetur da kuɗi ake yin sa.

Daga ilimin dattawa akwai abin da har yanzu yake aiki, akwai kuma wanda ya gaza. Lura da halin kifi da sassafe, da barin ruwa ya kwana kafin a yi amfani da shi, da hana kamu har sai lokaci ya yi, da fahimtar cewa canjin da ya fito daga mazaunin ruwa ba lallai ne ya zama ɓaci ba, duk sun dace da abin da binciken kimiyya ya tabbatar, kuma maganar da ke cewa sannu ba ta hana zuwa ita ce taƙaitaccen bayanin makonni shidan da sabuwar matata ke buƙata. Abin da ya gaza shi ne dogaro ga launi da wari kaɗai, domin an gina wannan ma'auni ne don ruwan sha da na tsarki, inda babu kifi ɗari biyar a cikin lita dubu. Wajibi ne masu sayar da 'ya'yan kifi su riƙa bayyana wa mai saye wannan al'amari kafin su karɓi kuɗinsa, malaman gona da makarantu irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke garin su koyar da awon ruwa da haɗa matata daga durom da tsakuwa, hukumomin tsara gari kuma su tsare kududdufan da suka rage, a yashe su a killace su a matsayin matarar ambaliya. Wanda ke shirin fara kiwo kuma ya sayi kayan awo kafin ya sayi kifi, ya fara da kaɗan, ya kuma ba ruwansa mako shida kafin ya ɗora masa cikakken nauyi.